Gyaran Da Aka Ce In Yi

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na riga kowa isowa, kamar kullum. An wanke ƙasan ɗakin injuna tas, amma warin maganin wankin bai fita ba, ya gauraya da na narkakkiyar roba. Inji na huɗu an lulluɓe shi da tamfol an ɗaure da igiya. Sauran biyar suna ta zubo bokitai kamar babu abin da ya faru ranar Alhamis.

Ba zan rubuta maganar Alhamis ba. Ban gani da idona ba. Ina sama a kan kwamfuta na ji ihun Dogo, mai aiki a inji na huɗu, sai kuma na ji an kashe injuna gaba ɗaya, abin da ban taɓa ji da rana tsaka ba.

Shekarata ashirin da shida ina buga takardun kamfanin nan, ni ce kuma mai rubuta rahoton taron da shugabanni ke yi duk ƙarshen wata. Manajoji huɗu sun zo sun tafi sun bar ni a kan kujerata, wannan na biyar ne. Ba banza ake ce mini Anti Waƙafi ba. Takarda ba ta fita daga hannuna da kuskure. Na rubuta haka ne don na ga yau kowa yana tafiya da sanɗa, ni kuwa ban ga abin da zai sa in canza takuna ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Manaja ya kira ni. Ya ce masu bincike za su zo cikin mako uku, kuma za su nemi rahoton taro na wata shida. Ya zaro na watan shekaranjiya, ya ɗora yatsa a sakin layi na bakwai, ya ce da Turanci in yi masa correct.

Sakin layin gajere ne. Injiniya ya ce murfin ƙarfen da ke tare hannu a inji na huɗu ya karye. Manaja ya ce a jira sai an gama odar da ke ƙasa. Shi ke nan.

Na sa tabarau na karanta sau biyu, na ce, "Yallaɓai, ban ga harafin da ya ɓata ba."

Ya ce, "Anti, kin san abin da nake nufi."

Na ce masa ni abin da na sani shi ne correct. Ana yin sa ne inda aka yi kuskure, kamar a rubuta Talata alhali Laraba ce, ko a ba mutum sunan wani. Sai akwai gaskiyar da takarda ta kauce mata kafin a yi maganar correct. In yana ganin ba haka ya faɗa a taron ba, mu buɗe littafina na hannu da nake rubutawa a cikin taro, in ni na kauce in gyara a gabansa.

Bai ce ba haka ya faɗa ba. Ya ce in je in yi tunani. Ba mugun mutum ba ne, na san shi tun yana mataimaki, yana tambayata yadda ake rufe wasiƙa. Tsoro ne ya kama shi, ya rame cikin kwana huɗu.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na ba Yaya labari tana kan kekenta tana ɗinki. Tun da mazajenmu suka rasu muke gida ɗaya, kuma har yau ba ta yarda cewa na girma ba. Ta ce ita ba ta gane ba, ba gyara aka ce in yi ba? Na ce ai matsalar ke nan, mu komai gyara ne: gyaran mota, gyaran hali, gyaran murya, gyaran takarda. Turawa kuwa sun rarraba abin, kowane da ɗakinsa. Wanda yake so ya yaudare ka sai ya shigo ta ƙofar ɗaya alhali ɗayan yake nufi.

Ta cire allura daga baki ta ce, "To ke da Turancin naki, wanne yake so?"

Na ce alter. Ka mai da abu ya zama wani abu dabam. A riga ba laifi ba ne, aikin da take yi ke nan kullum, ta rage hannu, ta tsuke ƙugu. A takardar da aka sa wa hannu kuwa, sunansa daban ne a kotu.

Ta ce ita ma ba ta taɓa rage rigar mutum ba tare da ya sani ba. Sai ta ci gaba da taka keke. Ina ganin ta fi Manaja saurin ganewa.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Bai kira ni ba. Na buga wasiƙu bakwai, babu kuskure ko ɗaya.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Mako guda ke nan cif.

An kawo lauyan kamfani, mai turare da yawa da murmushi da yawa. Ya ja kujera ya zauna kusa da teburina kamar ɗan'uwana, yana ce mini Mama. Ya ce an yi rashin fahimta ne, ba wanda ya ce correct. Abin da ake so shi ne a yi revise na rahotannin duka, don su yi kyau.

Na ce masa revise na san shi. Ana yi wa littafin makaranta, ana yi wa tsarin aiki, abin da ake ci gaba da amfani da shi. Ka sake duba shi daga farko har ƙarshe ka fitar da sabon bugu, ka rubuta a bangon cewa sabo ne. Amma taron da aka tashi wata biyu da suka wuce ba ya da sabon bugu.

Sai ya ce to amend. Na ji daɗin wannan, domin amend ita ce mai mutunci a cikinsu. Na ce a shirye nake. A kira duk wanda ya zauna taron, har Injiniya, a karanta abin da ake so a canza, su yarda, a rubuta shi a ƙasa da kwanan watan yau, tsohon rubutun kuma ya tsaya inda yake kowa yana gani. Amend ba ta goge sawunta.

Murmushin ya ragu. Ya gwada update, ya gwada adjust. Na ce adjust ta kujera ce da madubin mota. Daga ƙarshe ya kawo wata wai regularise, wato a daidaita takarda da ƙa'ida. Wannan kam na yi dariya, ban iya riƙewa ba. Ya tashi yana cewa Mama malamar makaranta ya kamata ta zama.

Da zai fita ya tambaya ko littafin hannun nan na kamfani ne. Na ce a kanti na saya, da biron ma.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na taho da littattafan hannuna gida, guda uku. Yaya ta sa su a ƙarƙashin yadudduka a akwatin da ba ta bari kowa ya taɓa. Ba ta tambaye ni komai ba.

Za su iya buga sabuwar takarda da kansu, kwamfuta ba ta musu. Amma kowane shafi a fayil yana ɗauke da sa hannuna a ƙasa, kuma hannuna yana jikina.

Na so in rubuta wani abu dabam a nan, sai na ga abin da na rubuta yanzu, na ajiye biron.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mun je asibiti duba Dogo ni da Yaya. Ba a bar mu mun shiga ba, ana wanke masa ciwon. Matarsa muka gani a baranda, da goyo, da kwanon abinci da ba a buɗe ba. Ta gaishe ni da Anti, ta ce yakan ba ta labarina, wai ni na rubuta masa takardar neman a mai da shi cikakken ma'aikaci. Na manta da wannan. Ta ce hannun dama ne. Na ce na ji.

A hanya Yaya ta ce na cika shiru. Na ce rana ce.

Litinin, ƙarfe tara na safe

An dakatar da Injiniya.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Mai shara ce ta gaya mini dalili, ita take jin komai. Wai sun daina maganar watan shekaranjiya. Sun koma kan rahoton watan jiya, taron ƙarshe kafin Alhamis. Lauya ya ce takardar ta nuna Injiniya bai ɗauki abin da zafi ba, ambatonsa kawai ya yi ya wuce, saboda haka sakacin nasa ne.

Na ɗauko rahoton na duba. Babu kuskure a ciki.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Babu kuskure a ciki. Na sake dubawa.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau aiki ya yi yawa. An kawo sabuwar firinta, takarda tana maƙalewa. Na gyara ta da kaina, mai gyaran bai zo ba. Na sayi sabulu da sukari a hanya. Yaya ta gama rigar matar mai kantin magani, ta yi kyau, sai dai wuyan ya yi faɗi a ganina.

Edit ba laifi ba ne. Kowace sakatariya tana yi. Mutane a taro suna magana da fushi, suna maimaita kansu, suna katse juna, wani ma ya yi zagi. Aikina in tace, in bar ma'ana in zubar da hayaniya. Haka aka koya mana. Edit gyaran lafazi ne, ba ya taɓa ma'ana. Shekara ashirin da shida ina yi ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ya zo ɗaukar kayansa. Ya hawo sama ya tsaya a ƙofata da kwali a hannu. Mutum ne mai ƙarancin magana, gashinsa ya yi fari a ɗakin injunan nan. Na ce ya shigo ya zauna, ya ce a'a.

Ya ce, "Anti, kina wurin. Kin ji abin da na ce. Har tebur na buga."

Na ce ina wurin.

Ya ce, "To me ya sa takarda ta ce noted?"

Na fara yi masa bayanin yadda ake rubuta rahoto. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce Allah ya ba mu alheri, ya sauka. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Na buɗe akwatin Yaya. Ga shi nan da rubutuna, da biro shuɗi, har na ja layi a ƙarƙashi saboda yadda Injiniya ya ɗaga murya: wannan ne gargaɗina na ƙarshe, in ba a sa murfin nan ba wani zai bar hannunsa a ciki.

Warned ce kalmar. Na san ta, ba yau na fara Turanci ba. Da na zo bugawa sai na ga ta yi kaushi, kamar ana nuna Manaja da yatsa, ga shi shi zai fara karantawa. Sai na sa noted, wato ya ambata kawai. Maganar hannun kuma na cire ta gaba ɗaya, na ce ba irin abin da ake sawa a takardar ofis ba ne. Ba wanda ya sa ni. Ni kaɗai ce a ɗakin, da shayina a gefe, har ina jin daɗin yadda jimlar ta zauna.

Makon jiya ina koya wa lauya bambancin kalmomi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Yaya. Ta tsayar da keke, wanda ba ta cika yi ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce tun muna yara nake da wannan halin, ba na son a ga wuri a hargitse, ko da share dattin zan yi in tura ƙarƙashin gado. Na ce ba lokacin tone-tone ba ne. Ta ce lokacinsa ne.

Ta tambaya wannan kuma wane suna Turawan suka ba shi. Na ce na kira shi edit, amma alter ne. Ƙarami ne, amma shi ne.

Ta ce, "To tunda kin san sunan ciwon, sai ki nemo sunan maganin."

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Na san sunansa. Wannan karon correct ce ta gaskiya, domin akwai kuskure, kuma nawa ne.

Na buga shafi ɗaya. Na sa kwanan watan yau a sama. Na kawo jimlar yadda take a fayil, a ƙarƙashinta na kawo yadda take a littafin hannuna, kalma da kalma. Na rubuta cewa ni na canza, ba da umarnin kowa ba. Na sa hannu. Ban taɓa tsohon shafin ba. Na yi kwafi uku.

Na kai wa Manaja ɗaya da kaina, don kada ya ji a bakin wani. Ya karanta a tsaye. Ya ce ko na san saura shekara biyu in yi ritaya. Na ce na fi shi sanin ranar. Ya ce wannan takarda za ta ci shi, za ta ci ni. Na ce na lissafa da ni a ciki.

Ya zauna ya dafe kai. Can ya ce, da ƙaramar murya, shi ma ba ya iya cin abinci. Na ce masa akwai wata kalma da ba wanda ya kawo a cikin makonnin nan, rectify. Ita ba ta takarda ba ce. Ita ce ka je wurin abin da ya lalace ka daidaita shi. Injuna biyar suna aiki a ƙasa, wa ya duba murafensu? 

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na yi barci sosai. Na wanke labulaye.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Akwai mai walda a ɗakin injuna. An tsayar da na biyu da na biyar. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Masu binciken sun zo, su biyu, mace da namiji. Macen ce babba. Na sa rigata mai ruwan toka, na shiga da littattafaina uku da shafina. Awa ɗaya da rabi suka riƙe ni.

Lauya ya so ya ce littafin hannu ba takardar kamfani ba ne. Matar ta ce ta ji, ta ci gaba da juya shafi. Ta tambaye ni dalilin da ya sa na sa noted. Na shirya amsa mai tsawo tun daga gida, amma da na buɗe baki sai na ce, don kada ran babba ya ɓaci. Ta rubuta. Ta tambaya ko an nemi in canza wani abu bayan Alhamis. Manaja yana zaune a gefena, ina jin numfashinsa. Na ce an nema, ban yi ba. Ta tambaya wa. Kafin in amsa ya ce, "Ni ne."

Ban juya na kalle shi ba. Ina ganin ya fi son haka.

Juma'a, ƙarfe sha biyu na rana

Wasiƙa ta zo daga babban ofis. An mai da ni sito, wurin kayan rubutu, daga Litinin. Wai redeployment. Wasiƙar layi shida ce, kuskure biyu a ciki. Na zagaye su da jan biro, na sa hannu cewa na karɓa, na mayar.

Manaja an ce ya tafi hutu, ba a faɗi ranar dawowa ba. Maganar Injiniya an ce ana dubawa. Na kira shi a waya na gaya masa abin da na yi. Ya ce ya ji labari. Ya tambayi lafiyar Yaya. Iyakar abin da muka yi ke nan, kuma ban sa ran fiye da haka ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Sito ba shi da taga, amma akwai fanka. Na jera ambulan bisa girmansu. Ba a taɓa yi ba, da alama.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

An sallami Dogo. Matarsa ta aiko cewa masu binciken suna son bayaninsa a rubuce, kuma shi ya ce ni yake so in rubuta. Na ce a gaya masa abin da na yi tukuna, kada ya zaɓe ni a makance. Ta ce ya sani, duk ɗakin injuna sun sani. Ya ce wanda ya taɓa ƙonewa a wurin ya fi sanin inda wutar take, don haka ni ɗin dai.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. Na same shi a kan tabarma, ya jingina da bango, an naɗe abin har gwiwar hannu. Ya rame, amma tsawon yana nan, ƙafafunsa sun kusa kai ƙofa. Ya yi mini barkwanci cewa yau Anti ce ta sauko ƙasa.

Ya faɗa, na rubuta. Duk abin da na ƙi rubutawa a littafin nan, yau na rubuta shi a takardarsa, daga lokacin da robar ta maƙale har lokacin da ya farka a asibiti. Inda ya maimaita kansa na bar shi. Inda ya ce ya kira sunan mahaifiyarsa na sa. Sau biyu matarsa ta fita waje.

Da na gama na mai da shi Turanci, sannan na karanta masa da Hausa jimla jimla, in ya ce haka ne mu wuce. A layin farko ya tsayar da ni. Na rubuta shekara tara yana aiki a kamfanin, yadda fayil ɗinsa ya nuna.

Ya ce, "Sha ɗaya ne, Anti. Biyun farko ina ɗan rana-rana, ba a sa ni a takarda ba. Amma na yi su."

Na ja layi ɗaya a kan taran yadda za a iya karanta ta, na rubuta sha ɗaya a sama, na sa haruffan sunana a gefe.

Sai sa hannu. Na ɗora takardar a kan tire, na riƙe masa gefen don kada ta zame. Ya ɗauki biron da hagu. Matarsa ta ce ko a kawo tawada ya dangwala kawai, ya ce a'a, ya yi makaranta. Biron ya faɗi sau ɗaya, ya ɗauka da kansa. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, gumi yana tsattsafo masa a goshi, haruffan suna hawa suna sauka, na ƙarshen ya fita daga layi. 

Ya ɗago ya tambaye ni ko ya yi.

Na ce ya yi.